Me ya sa tashar King's Cross ta ƙarƙashin ƙasa take ɓatar da baƙo?

Tambaya: Na sauka a filin jirgin sama na Heathrow a Landan da akwatuna biyu, zan wuce Leeds karatu. Aka ce in shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa in sauka a King's Cross. Na sauka lafiya, amma sai da na yi kusan rabin awa ina zagaye a cikin ramuka kafin na ga hasken rana, har jirgin Leeds ya tafi ya bar ni. Wai wane ne ya zana wannan tasha, kuma me ya sa aka yi ta haka ba kai ba gindi?

Amsa: Sannu da wahala, ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ka kwantar da hankalinka, ba ƙauyanci ne ya ɓatar da kai ba. Ni da na yi shekaru ina aikin injiniyan ramuka da magudanan ruwa, kuma na bi ta tashar nan ban san iyaka ba, har yau idan na ɗauke ido daga allunan nuni sai in tsinci kaina a bakin wata ƙofa daban da wadda na nufa.

Amsar tambayarka ta farko ita ce babu wanda ya zana ta. Abin da ake kira King's Cross St Pancras tashoshi huɗu ne da aka haƙa a zamani daban-daban, uku daga ciki kamfanoni ne masu kishi da juna suka yi su, daga baya aka zo aka huda bango aka haɗa. Ka san gidan gado irin na cikin birni, wanda kaka ya gina zaure da ɗakuna biyu, 'ya'ya suka ƙara sassansu, jikoki suka fasa katanga suka haɗe da gidan maƙwabci? 'Yan gida ba sa ganin wani abin mamaki a ciki, amma baƙo sai an sa yaro ya raka shi. To haka tashar nan take, sai dai ita sassanta a kan juna suke, wani ƙarƙashin wani.

Bari mu fara daga sama, domin abin da ke bisa ƙasa shi ya jawo na ƙarƙashinta. Akwai babban titi da ake kira Euston Road, ya miƙe daga yamma zuwa gabas. A gefensa na arewa manyan tashoshin jirgin ƙasa biyu ne kafaɗa da kafaɗa, ɗan titi ɗaya ne ya raba su. Ta gabas ita ce King's Cross, an buɗe ta a 1852, daga nan jiragen Leeds da York da Newcastle da Edinburgh suke tashi. Ta yamma ita ce St Pancras, mai jan bulo da hasumiyar agogo kamar coci, an buɗe ta a 1868, ita ke kai mutane Leicester da Nottingham da Sheffield, kuma tun Nuwamba 2007 daga cikinta jirgin Eurostar yake tashi zuwa Faris. Dalilin da ya sa suka tsaya a bakin titin ba su shiga tsakiyar Landan ba shi ne wani kwamitin gwamnati da ya zauna a 1846 ya ba da shawarar kada a bar layukan dogo su kutsa cikin tsakiyar birnin. Sai ya zama jirgi ya kwaso dubban mutane daga arewacin Ingila ya zube su a bakin gari, su nemi keken doki. Tituna suka cushe.

Wani lauyan hukumar birnin, Charles Pearson, ya yi shekaru yana nacin a yi layin dogo a ƙarƙashin titi, ana yi masa kallon mai taɓin hankali. Ya rasu a 1862, 'yan watanni kafin ya ga abin da ya yi ta fafutuka a kai. Ranar 10 ga Janairu 1863 kamfanin Metropolitan ya buɗe layi daga Paddington zuwa Farringdon, tsawon kusan kilomita 6, kuma shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya. King's Cross na cikin tashoshinsa na asali. Mutum kusan 38,000 suka hau a ranar farko.

Yadda aka gina wannan layi yana da muhimmanci ga fahimtar tashar. Ba huda ƙasa aka yi ba. Titin aka farke, aka haƙa ƙaton kwari da diga da shebur, aka gina bangon bulo hagu da dama, aka yi masa rufin baka, aka mayar da ƙasa, aka sake shimfiɗa titi a kai, kamar dai yadda ake yin babban kwalbati. Injiniyan aikin shi ne John Fowler. Dole ce ta sa aka yi shi kusa da sama, domin jiragen na kwal ne, hayaƙi da tururi suna buƙatar mafita. An yi wa kawunan jiragen dabarar mayar da tururi cikin tankin ruwa, amma hayaƙin kwal ba shi da magani, fasinjoji sun sha shi har 1905 da aka kawo lantarki. Akwai kuma wani kogi mai suna Fleet da ya gangaro daga tuddan Hampstead ya ratsa wannan unguwa zuwa kogin Thames. Tuni an rufe shi an mai da shi magudanar ƙazanta, kuma a Yuni 1862 ya fashe ya cika ramin da ake haƙawa wajen Farringdon. Har gobe yana nan yana gudana a cikin bututunsa, duk wanda zai yi haƙa a King's Cross sai ya san inda yake.

Wannan layi na farko shi ne hawa na sama a tashar yau. Layuka uku ne suke rabon dogo ɗaya a kansa: Metropolitan, Circle, da Hammersmith & City. Jiragensu manya ne, mutum yana tsayawa a miƙe ko'ina a cikin tarago, kuma matakala kaɗan za ka taka ka isa. Sai dai dandamalin da kake tsayawa a yau ba shi ne na 1863 ba. Na asalin yana can gabas, nesa da sauran. A 1941, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, aka matsar da wurin tsayawar zuwa yamma, ƙarƙashin Euston Road daidai gaban St Pancras, don a rage wa masu sauya jirgi tafiya. Idan ka hau jirgi zuwa Farringdon ka leƙa ta taga jim kaɗan bayan tashi, za ka hangi kufan tsohon dandamalin.

Hawa na biyu na tarihin ya zo ne da abu biyu, lantarki da wata na'urar haƙa da ake kira garkuwa. Ƙarƙashin Landan, musamman arewa da Thames, akwai yumɓu mai kauri wanda ruwa ba ya ratsa shi, yana yankuwa da sauƙi kuma ba ya saurin ruftawa. Injiniya James Greathead ya gyara garkuwar ta zama kamar ƙatuwar gangar ƙarfe da aka cire wa murfi da gindi. Ma'aikata suna cikinta suna saran yumɓun da ke gabansu, a tura ta gaba, a ɗaura zoben ƙarfe a bayanta, a sake turawa. Da wannan aka daina farke titi. Amma kowane taku na faɗin ramin kuɗi ne, shi ya sa aka yi su matsattsu, faɗinsu bai kai mita 4 ba, aka ƙera jiragen daidai ramin. Jirgin da ya ɗauko ka daga Heathrow, wanda rufinsa ya lanƙwasa har dogon mutum sai ya sunkuya a bakin ƙofa, gadon wancan tsimi ne.

Layin da ka hau, Piccadilly, ya iso King's Cross a Disamba 1906. Kuɗin da aka fara shi da su wani attajiri ɗan Amurka ne ya haɗo, Charles Yerkes, wanda sunansa bai yi ƙamshi ba a Chicago inda ya fito. Bayan wata biyar, a Mayu 1907, wani kamfani daban, City & South London, ya miƙo nasa ramin ta nan zuwa Euston. Shi ne ya zama reshen layin Northern na yau. Kowane kamfani da ƙofarsa, da tikitinsa, da liftocinsa. Ba wanda ya damu da mai son sauka daga jirgin wani ya hau na wani, ai abokin gaba zai kai wa ciniki. Sai a 1933 aka tattara kamfanonin duka ƙarƙashin hukuma ɗaya, sannan zuwa ƙarshen shekarun 1930 aka haƙa zauren sayar da tikiti a ƙarƙashin filin da ke gaban tashar King's Cross, aka sa matakalai masu tafiya da lantarki a maimakon lifta. Ka riƙe wannan zaure da waɗannan matakalai a ranka, za mu dawo kansu.

Na ƙarshe shi ne layin Victoria, a Disamba 1968. Masu zana shi sun yi ƙoƙari ƙwarai. A tashoshi irin su Euston da Finsbury Park da Oxford Circus sun jera dandamalinsa kusa da na tsohon layi, ka fita daga wannan jirgi ka yi 'yan taku ka shiga wancan. A King's Cross hakan bai yiwu ba, domin ƙasar ta riga ta cika da ramuka. Sai aka zura shi ta ɗan sararin da ya rage, ƙarƙashin Metropolitan, sama da Piccadilly. Saboda haka jerin zurfin ya zama haka: Metropolitan da abokansa biyu a sama, sai Victoria, sai Piccadilly, sai Northern a can ƙasa. Layuka shida, dandamali takwas. Babu wata tasha a Landan da ta kai ta yawan layukan ƙarƙashin ƙasa. Idan ka tsaya a dandamalin Victoria, dubi bangon bayan kujerun zama, za ka ga zanen kambin sarauta biyar an jera su kamar gicciye. Wasa ne da sunan wurin, wanda ya samo asali daga wani gunkin tunawa da Sarki George na Huɗu da aka kafa a mahaɗar hanyoyin a 1830, mutane suka yi ta kushe shi har aka rushe shi a 1845. Gunkin ya tafi, sunan ya zauna.

Da a nan labarin ya tsaya, da tashar matsattsiya ce kawai, ba mai dogayen lunguna ba. Dogayen hanyoyin da suka gajiyar da kai sun samo asali ne daga daren 18 ga Nuwamba 1987, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin duk mai koyon aikinmu sai an karantar da shi wannan dare.

Matakalan da ke hawowa daga Piccadilly zuwa tsohon zauren na katako ne, sun kusa shekara hamsin suna aiki. An riga an hana shan taba a ƙarƙashin ƙasa tun 1985, bayan wata gobara a Oxford Circus, amma mutane sun saba kunna sigari a kan matakala suna hanyar fita. Binciken da aka yi ya nuna cewa ashana ce mai wuta wani ya yar, ta faɗa ta tsagar gefen matakalar. A ƙarƙashi akwai giris da ya taru shekara da shekaru, ya cakuɗe da ƙura da zare da guntayen takarda. Wajen ƙarfe 7:30 na yamma fasinjoji suka fara ba da rahoton wuta. Waɗanda suka gan ta da idonsu, har da 'yan kwana-kwanan da suka fara isowa, ba su ga abin tashin hankali ba, 'yar wuta ce da za a ce bokiti kaɗan ya ishe ta. 'Yan sanda suka fara fitar da mutane daga ƙasa ta matakalan Victoria, da tunanin sun kauce wa wutar. Amma matakalan Victoria da na Piccadilly zaure ɗaya suke ɓullowa. Da ƙarfe 7:45 harshen wuta da baƙin hayaƙi suka yi tsalle daga bakin matakalar suka cika zauren cikin ƙiftawar ido. Mutum 31 suka rasu, har da jami'in kwana-kwana da ya jagoranci motar farko, kusan ɗari suka ji rauni. Ba a gama kashe wutar ba sai bayan ƙarfe ɗaya na dare. Akwai gawa ɗaya da aka binne ba suna, sai a 2004 aka gano ko wane ne.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne yadda ƙaramar wuta ta zama haka a cikin daƙiƙoƙi. Aka ba masana a cibiyar binciken kimiyya ta Harwell aikin kwaikwayon gobarar a kwamfuta. Sakamakon ya nuna harshen wutar yana kwanciya a jikin matakalar maimakon ya miƙe sama. Da farko an ɗauka lissafin ne ya kuskure, domin kowa ya san wuta sama take yi. Sai aka gina ƙaramin samfurin matakalar, kashi ɗaya cikin uku na girmanta, a wata cibiyar gwaji a garin Buxton, aka cinna masa wuta, sai ga harshen ya kwanta kamar yadda kwamfutar ta faɗa. Bayanin shi ne matakalar kwari ce mai bango biyu, a karkace da digiri 30. Wutar da ke cikin irin wannan kwari ba ta samun iska ta gefe, sai ta manne da ƙasan kwarin tana lasar katakon da ke gabanta. Katakon ya yi ta gasuwa yana fitar da iskar da ke kamawa, har zafi ya kai wani matsayi, sai duk tsawon matakalar ya kama a lokaci guda, kwarin ya zama kamar bakin bindiga da aka saita zuwa zauren. Tsohon fenti da aka yi ta shafawa a rufin, wani kan wani, ya ƙara baƙin hayaƙin. Kafin wannan dare ba a san wuta tana da wannan hali ba.

Lauya Desmond Fennell ne ya jagoranci binciken, ya fitar da rahoto a 1988 da shawarwari 157. A ganina abin da ya fi ashanar muni shi ne abin da rahoton ya tono game da tunanin masu gudanarwa. Sun ɗauki ƙananan gobara a matsayin abin da ba makawa, har ba sa kiran su gobara, sai su ce abu ne ke cin kansa a hankali. Akwai na'urar fesa ruwa a ƙarƙashin matakalar, ba a kunna ta ba, domin ma'aikatan ba su samu horon da ya kamata ba. Rediyon jami'ai ba ya aiki sosai a cikin rami. Manyan shugabannin hukumar sufurin Landan biyu suka ajiye aiki. Aka hana taba a ko'ina cikin tashoshi, aka shiga cire matakalan katako ɗaya bayan ɗaya, aikin da bai ƙare ba sai 2014 da aka cire ta ƙarshe a tashar Greenford.

Darasin da ya shafi gini shi ne bai kamata dukan layuka masu zurfi su dogara da zaure ɗaya ba. Da aka yanke shawarar kawo jirgin Faransa St Pancras, sai aka samu dalili da kuɗin sake fasalin tashar gaba ɗaya. Aka faɗaɗa tsohon zauren. A 2006 aka buɗe zauren yamma, ƙarƙashin farfajiyar St Pancras, wanda ya fi kusa da su Metropolitan. A Nuwamba 2009 aka buɗe zauren arewa, tsakanin manyan tashoshin biyu, da sababbin ramukan tafiya da ƙafa zuwa Northern da Piccadilly da Victoria. A 2010 aka kammala liftoci har mai keken guragu zai iya kaiwa kowane dandamali.

To a nan ne kai ka faɗa. Zauren arewa yana nesa da wasu dandamalin, musamman na Victoria, kuma allunan nuni ba a kafa su don su ba ka hanya mafi gajarta ba. An kafa su don su raba taron jama'a. Tashar da kafin annobar korona mutum sama da miliyan 80 suke shiga da fita cikinta a shekara, idan kowa ya bi gajeriyar hanya, tsohon zauren zai sake cushewa kamar da. Sai aka mai da doguwar hanyar wani wurin ajiye mutane: minti uku ko huɗun da kake tafiya a cikin rami, minti ne da ba ka tsaye a bakin matakala kana matsa na gabanka. Mazauna Landan suna ƙorafi a kai, da yawansu sun haddace inda za su bijire wa allon su yanke. Ni dai ban ga laifin masu tsarin ba, ko da yake ina ganin sun yi wa baƙo rowar bayani. Da sun rubuta tsawon kowace hanya a kan allon, da mai kaya ya san abin da ke gabansa.

Akwai kuma wasu tarkuna da ba na gini ba. Layin Northern reshe biyu ne a tsakiyar gari, na Bank ne kawai yake bi ta King's Cross, na Charing Cross ba ya zuwa. Wani abin dariya, idan za ka Euston daga nan, a layin Northern jirgin da aka rubuta wa arewa za ka hau, a layin Victoria kuwa na kudu, alhali wuri ɗaya za su kai ka. Taswirar da ke bango ma ba za ta taimake ka da nisa ba, domin tun da Harry Beck ya tsara ta aka fara bugawa a 1933, haɗuwar layuka take nunawa, ba ta damu da tazara ba. King's Cross a kanta 'yan da'irori ne a manne da juna.

Ga abin da za ka yi idan ka sake zuwa. Kana sauka daga Piccadilly, kada ka bi taro, tsaya gefe jirgin ya tafi dandamali ya yi sarari. Manta da sunayen layuka, nemi allon da ke nuna hanyar fita zuwa manyan jiragen ƙasa, mai alamar kibiya biyu ja, ka tabbata King's Cross aka rubuta, ba St Pancras ba, tunda Leeds za ka. Da akwatuna biyu, bi alamar lifta ko da ta fi nisa, kuma a nan doguwar hanyar zauren arewa ita ce abokiyarka, domin tana fito da kai daidai ƙarƙashin babban zauren jiran jirgi mai farin rufi kamar raga, wanda aka buɗe a 2012, inda allon tashin jirage yake. Ka ba kanka minti ashirin tsakanin saukarka da tashin jirginka. Ranar komawa gida kuma, kafin ka shiga Piccadilly ka karanta goshin jirgin, domin a yamma layin ya rabu biyu, wani ya nufi Heathrow wani ya nufi Uxbridge, kuma tafiyar filin jirgin kusan awa guda ce.

Wata rana da ba ka da kaya kuma ba ka sauri, ka bi ta tsohon zauren. A jikin bango akwai agogo da allon tunawa da mutanen da suka rasu a 1987. Daga nan ka sauka ta matakalan Piccadilly, waɗanda yanzu na ƙarfe ne, ka dubi karkatar ramin da bangonsa biyu.